TARIHIN DAMARGU: WANDA AKE ƘYALEWA DA WANDA AKE TSAYA WA

 

Yau baya za mu koma, amma saboda wata tambaya ta yau. Babu unguwa, babu fada, babu ƙungiyar matasa ko ta ƴan kasuwa da ba ta da mutum guda wanda in ana zaune lafiya sai ya jefo maganar da za ta tada ƙura. Da ya yi, sai jama'a ta rabu biyu. Wasu su ce a ƙyale shi, shiru ma magana ce. Wasu su ce a'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duka ɓangarorin karin maganar kakanni suka ɗauko, kuma kowa da gaskiyarsa. Abin da ya rage shi ne sanin ranar da kowace take aiki.

To, ƙasar nan tamu ta Damargu ta daɗe tana biyan kuɗin wannan karatu, wani lokaci da hatsi, wani lokaci da jini. Abin da tarihinta ya nuna mana shi ne, ba a auna fitina da zafin bakin mai ita. Abin da ta taɓa ake dubawa. In ta tsaya a kan mutum ɗaya da zai iya shanyewa, ana barinta ta mutu da kanta. In ta kai ga hanya, ko rijiya, ko rumbu, wato abin da kowa ke rayuwa da shi, ba a barinta ta kwana. Kuma ko a nan ɗin, ba kowa ke tashi ya kashe ta ba, akwai mai hurumin yin haka.

ƘASAR DA KE TSAKANIN RAƘUMI DA RUMBU

Duk wanda ya san Damargu ya san ƙasa ce ta gaɓa. Arewa da mu Abzin ce da duwatsunta, inda hatsin da ake nomawa ba ya isar mutane. Kudu da mu Damagaram, Tasawa, Katsina da Kano, inda manyan kasuwanni da masaƙa da marina suke. Mu muna tsakiya, daidai inda noman ruwan sama yake ƙarewa, dajin kiwo ya fara. Dagirawa, Hausawa da Abzinawa sun daɗe suna zaune tare a nan, daga baya Fulani suka ƙaru.

Kowace shekara, da kaka, ayarin gishiri yakan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Ya kai hatsi, ya ɗauko kantu da dabino, ya dawo, sannan ya gangaro kudu ta cikin Damargu zuwa ƙasar Hausa. Hatsin da ake kaiwa Bilma, mai yawa daga rumbunan Damargu yake fitowa. Ban da shi, ga ayarin fataken Gadamas da Tarabulus masu ɗaukar gashin jimina, hauren giwa da kirgi daga Kano da Damagaram. Har da bayi, kada mu ɓoye, don shi ma yana cikin tarihin hanyar.

Wani abin lura: Damargu ba ta taɓa samun sarki guda mai mulkinta duka ba, irin yadda Damagaram ta samu. Manyan Abzinawa suna da garuruwan da mutanensu ke yi masu noma. Sauran garuruwa kuma kowane yana da wanda yake ba hatsi don ya kare shi daga hari. Mutumin da ke zaune a irin wannan ƙasa, wadda baƙi ke ratsawa dare da rana, kowa da takobinsa, dole ya iya bambance wanda ke cika baki kawai da wanda ya zo da nufi. In ya ce zai amsa wa kowa, ba zai yi noma ba. In ya ce zai ƙyale kowa, ba zai ci abin da ya noma ba.

MAHAYA UKU DA SUKA CI ABINCIN AYARI

Muna da shaidar wani baƙo da ya ga wannan zamani da idonsa. Shi ne Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg.

A watan Agusta na shekarar, suna gab da shiga Abzin, sai wasu mahaya raƙuma uku suka fara bin ayarinsu. Ba su zagi kowa ba, ba su zare takobi ba. In an sauka su sauka, su shigo zango, a ba su abinci su ci. Mutanen ayari suka ga abin bai kai a yi faɗa ba, suka ƙyale su. Ashe su ƙirga kaya suke yi, suna auna ƙarfin masu bindiga, suna jan ra'ayin wasu daga cikin ƴan ayarin. Kwana kaɗan sai mutum uku suka zama taro. Aka tsare hanya, aka ce Nasaran nan su bar addininsu ko a kashe su. Magana ta ƙare a kan dukiya, aka kwashe kaso mai tsoka na kayansu kafin a bar su su wuce.

Kun ga darasi na farko ke nan. Mai hayaniya sau da yawa hayaniyar ce iyakarsa. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai shigowa a hankali yana raba kan mutanen zango.

Da suka isa Tintellust sai suka faɗa hannun tsoho Annur, babban Kel Ewey. Shi kuwa bai yi masu kwana-kwana ba. Ya nuna masu cewa in suna so su bi ayari da kansu, ga hanya, shi ba zai taɓa su ba. In kuma kariyarsa suke so, to kariya tana da farashi. Suka biya. A watan Disamba suka taso tare da ayarin gishiri, cikin dubban raƙuma, suka ratso dajin da ke tsakanin Abzin da mu babu wanda ya tare su. A watan Janairu 1851 suka sauka Tagelel, garin Annur a nan Damargu. A nan Turawan uku suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka yi wajen Tasawa. Barth ya rubuta sunayen garuruwanmu, har da Olelewa da Kulan Karki, ya kuma shaida cewa da hatsin nan Abzin take rayuwa.

Me ya bambanta tafiyar farko da ta biyu? Hanya dai ɗaya ce, ɓarayin ma ba su ƙare ba. A ta biyu akwai wanda kowa ya san shi ke da magana. Haka dokar ayari take tun fil azal. In wani ya tare hanya yana zage-zage, ba yaron da ke jan raƙumi ke ba shi amsa ba. Madugu ne zai duba, ya ga ko wannan a ba shi ɗan dabino ya wuce, ko a biya shi fito, ko a ɗaure raƙuma a tsaya masa. Hausawa suka ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Madugun kirki ya san wannan, ya kuma san cewa faɗan da bai kai ya tsai da ayari ba, tsayawa a kansa ita ce asarar.

YADDA GARI KE SHANYE MAGANA

A cikin gari ma akwai dabarun da aka gada. Babbar cikinsu ita ce wasan taubasai. Babarbare ya haɗu da Bafillace a kasuwa, ya faɗa masa maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga sanda, amma sai ka ga an tuntsire da dariya, an rabu da musafaha. Wannan wasa na zumunci da muke yi a Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Kada mu ɗauke shi abin raha kawai. Kakanninmu sun gane cewa akwai zafin da in ba a ba shi ƙofar fita ba zai fasa bango, sai suka buɗe masa ƙofa, suka sa mata iyaka. Taubashi zai zage ka, amma ba zai taɓa dukiyarka ba, kuma ran da aka taso maka shi ne na farko da zai shiga tsakani.

Dabara ta biyu ita ce ta mai masauki. A duk zangon fatake na ƙasar Hausa, baƙo yana da wanda ya sauke shi. In baƙo ya yi abin da bai dace ba, ba a taruwa a kansa a tsakar kasuwa. Mai masaukinsa ake nema, shi zai ja shi gefe ya faɗa masa yadda ake zama a garin. Haka yaro, a gaya wa ubansa ko kawunsa. Haka almajiri, a gaya wa malaminsa. Ana bi ta hannun wanda mai laifin ke jin kunyarsa, don a gyara shi ba tare da an tozarta shi ba. Mutumin da aka kunyata a bainar jama'a ba ya gyaruwa, neman ramuwa yake.

Ta uku kuwa ita ce shiru na gangan. Kowane gari yana da wanda aka san halinsa, mai neman a tanka masa don ya samu abin yi. Dattawa sukan bar shi ya gama, wani ya ce "to, madalla," a ci gaba da maganar da ake yi. Wannan shirun ba tsoro ba ne. Hukunci ne, don an hana shi abin da ya zo nema.

Amma duk waɗannan dabaru suna aiki ne muddin abin bai wuce baki ba. Bari mu ga abin da ya faru ran da ya wuce.

TANAMARI DA FARAK

A ƙarshen ƙarni na 19, ƙarfi biyu suka yi karo a Damargu. Ga Kel Ewey, masu ayari, waɗanda arzikinsu ke kan hanya ta kasance a buɗe. Ga kuma Imuzurag, Abzinawan da suka zauna a Damargu, garuruwa da dama suna ba su hatsi suna kare su, kuma suna ganin duk ayarin da zai ratsa ƙasar ya kamata ya biya su. Shugabansu shi ne Musa, wanda ake kira Musa Damarguma.

In ka tsaya a gefen kowa za ka ga hujjarsa. Mai ayari yana cewa hanyar kakanninsa ce. Mai ƙasa yana cewa raƙuman nan ciyawarsa suke ci, ruwansa suke sha. Irin wannan magana ce da ake zama a yanka mata farashi, kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa. Ba a samu majalisar da ta iya zaunar da su ta ɗaure maganar ba. Sai abin ya zama yau a ƙwace raƙuma, gobe a rama, jibi a rama ramuwar. Kowane hari ana ganin ƙarami ne, ana cewa zai wuce. Shekaru suka tafi a haka.

Ana cikin wannan sai ga Nasara. A watan Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga birni. A watan Nuwamba na shekarar, tawagar Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya ta biyo ta Agadas, ta ratsa Damargu ta sauka Damagaram. Faransawa suna son hanyar arewa ta zauna a hannunsu. Masu ayari da manyan fataken birni suna son a kawar masu da mai tare hanya. Buƙata ta zo ɗaya.

A 1900, sojan da aka bari a Damagaram ƙarƙashin wani sarjan mai suna Bouthel suka hau Damargu. Aka gwabza a Tanamari, aka kashe Musa. Waɗanda suka ji daɗi a ranar sun ɗauka magana ta ƙare. Shekara ba ta zagayo da nisa ba, a 1901, mutanen Musa da abokansu suka auka wa wani babban ayari a Farak, a kan hanyar Agadas. Aka kashe mutane, aka kwashe dukiyar da ta karya fatake da yawa, har na Gadamas da Tarabulus. A shekarar nan Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna, wanda daga baya aka mayar Tanut. Abzinawan Damargu da dama suka bar ƙasar suka yi gabas wajen Kanem, inda mutanen Sanusiyya ke yaƙi da Faransa.

Yanzu ku ƙirga mana, wa ya ci riba? Imuzurag sun rasa shugaba, sun rasa ƙasa. Kel Ewey sun samu hanya, amma ga haraji, ga raƙumansu da bariki ke karɓa don ɗaukar kayan soja. Talakawan garuruwa sun canja wanda suke ba hatsi ne kawai. Ita kanta hanyar da aka yi faɗa a kanta, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai kayan Turai suka koma shigowa ta teku, fataucin Tarabulus ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ƙadangaren da ya shiga shekara sittin ya yi bai fita ba.

Cikin samarin da suka tashi a wannan zamani akwai wani ɗan Ikazkazan da aka haifa a Damargu wajen 1880, shi ne Kawsan. Shi ya dawo ya kewaye barikin Faransa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Jaruntakarsa da ta Sarkin Abzin Tagama magana ce ta wata rana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ramuwar da Faransa ta yi bayan nan: an kashe malamai a Agadas, an watsa mutanen Abzin, da yawa suka gangaro Damargu da Kano ba su da ko akuya.

Ba muna ba da wannan labari don mu ɗora wa wata kabila laifi ba. Jikokin duka ɓangarorin suna nan, maƙwabta ne, surukai ne. Abin da muke so a gani shi ne kurakurai biyu da suka haɗu. An yi shiru a kan abin da ya taɓa hanya har ya girma. Da aka tashi tsaya masa kuma, sai aka ɗauko sandar da ta fi ƙarfin mai riƙe ta.

BURTALI, RIJIYA DA GONA

Ayarin Tarabulus ya tafi, amma gaɓar tana nan. Yau tsakanin manomi da makiyayi take. A watan Mayu 1961 gwamnati ta kafa dokar da ta ja layin iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa ta yankinmu. Arewa da shi ƙasar kiwo ce. Amma mutane sun ƙaru, fari ya zo a 1973 da 1984, gonaki suka yi ta hawa arewa, bisashe kuma suna gangarowa kudu tun ba a gama ɗaure damma ba. Duk mai zaune a kwarin Tarka ya san wannan ba sai an ba shi labari ba.

A nan ma ma'aunin bai canja ba. A bakin rijiya ana cacar baki kullum, wa ya riga wa, wasakin wa ya shiga kafin na wa. Wannan ana yi ana mantawa, kuma tsohuwar al'ada ita ce mai rijiya shi ke fara shayarwa, amma ba ya hana mai wucewa ruwa. Akuya ta tsallaka ta ci kan dawa biyu, a kore ta, a yi wa yaron da ke kiwo faɗa, shi ke nan. Wanda ya ce zai kai kowace irin wannan gaban sarki, shi za a gaji da shi.

Amma mutum ya shuka hatsi a tsakiyar burtali, ko ya kewaye mashaya da ƙaya, ko ya tura garke cikin gona da dare da gangan, wannan ba a ce masa "a yi haƙuri" a wuce. Ya taɓa abin kowa. In aka ƙyale na farko, baɗi mutum goma ne za su yi, kuma ran da abin zai fashe ba a kan mai laifin zai fashe ba.

Mun ga haka a Toda, cikin jahar Maraɗi, a ƙarshen watan Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai. Rikicin ɓarnar gona ne ya kai ga rasa rai. Maimakon a kama wanda ya yi, sai garuruwa suka yi gangami suka auka wa rugagen Fulani. Mutum sama da 100 suka mutu, akasarinsu mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan shi ne tsayawa irin ta taron dangi: laifin mutum ɗaya, hukunci a kan kabila.

Bayan wannan ne, a watan Maris 1993, aka kafa dokar karkara, aka kuma fito da hukumomin kula da filaye da muke kira Kofo, daga na gunduma har na gari. Dokar ta ce rikicin gona da kiwo sai ya fara biyowa ta hannun sarakunan gargajiya, mai gari ko hardo, sarkin kanto ko shugaban rukunin makiyaya, a nemi sulhu a rubuta takarda, in ya gagara sannan a wuce gaban alƙali. A watan Mayu 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da bisashensa, ta hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a. Kowace shekara kuma hukumomin jaha ke sa ranar sakin gonaki. In kun lura, tsohuwar dokar ayari ce aka sa wa hatimi: kada yaron da ke jan raƙumi ya yanke hukunci, a kai wa madugu, kuma a kai da wuri.

TO, YAU FA?

Abin da ya canja a zamaninmu shi ne saurin magana. Da, in mutum ya yi ɓatanci a kasuwar Belbeji, kafin labari ya kai Tanut an kwana biyu, ya huce a hanya, ya bi ta kunnen dattawa. Yau saƙon murya na minti ɗaya ya isa Sabha da Kano kafin mai shi ya ajiye waya. Wanda bai iya karatu ba ma yana ji, yana turawa. Saboda haka tambayar da madugu ke yi wa kansa sau ɗaya a tafiya, mu kullum sai mun yi ta.

In wani ya tada ƙura, a fada ne ko a waya, mu fara duba wa abin ya taɓa. In ni kaɗai ya zaga, ya ce ban iya ba, ya ce garinmu ƙauye ne, ya ce ɗan siyasarmu bai yi komai ba, wannan haushi ne, ba ya fasa rumbu. Amsa ita ce abincinsa. A hana shi, zai nemi wani wuri. Yawancin faɗan da ke raba abokai yau, da mutum na biyu ya yi shiru da ba a yi shi ba.

Amma in ya ce wata kabila ce ke sace dabbobi, ko ya ce an ga wasu baƙi da makamai a rugar wane alhali bai gani ba, ko ya kama sunan ƴar mutane yana ɓata ta, ko ya ce jama'a su fito da sanduna, to wannan ya shuka a burtali. A nan shiru ba haƙuri ba ne, taya shi ne. Mai rauni da ake ci wa mutunci yana kallon waɗanda suka yi shiru, yana ƙirga su cikin waɗanda suka yarda.

Mu kuma tuna da mahaya ukun nan. Akwai wanda ba ya zagi ko kaɗan. Sallama yake yi, ya yi addu'a, sannan ya ce "ni dai ji na yi an ce." Yau ya jefa kaɗan, gobe ya ƙara, yana gwada wa zai biye masa. Irin wannan ya fi mai ashar haɗari, kuma shi ne aka fi ƙyalewa don ba ya ɗaga murya. A tambaye shi a fili, cikin ladabi: wa ya faɗa maka, a ina, yaushe? Mai gaskiya zai amsa. Mai ƙirga kayan ayari zai ja raƙuminsa.

In an tashi tsayawa, a bi hanyar da aka gada. A fara da shi shi kaɗai, ko ta bakin wanda yake jin nauyi. In bai ji ba, a gyara maganar a inda ya ɓata ta, sau ɗaya, da hujja, ba tare da zagin uwa da uba ba, don waɗanda suka ji ƙaryar su ji gaskiyar. Ba sai mutum hamsin sun taru a kansa ba. In ya maimaita, wanda jama'a ta ɗora wa shugabancin wurin ya raba shi da wurin, kowa ya san dalili. In maganar ta kai ga barazanar jini, wannan ta wuce mu, a kai ta ga mai gari, sarki, prefe ko jandarma tun ba a kwana ba. Kuma a sani, tun 2019 ƙasarmu tana da dokar laifuffukan intanet, a watan Yuni 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓatanci, zagi da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Wanda ya tura ma bai tsira ba don ya ce ba shi ya fara ba. Ita ma wannan sanda ce mai nauyi. Kada a ɗauko ta don an ji haushin wani, kada kuma a yi amfani da ita a toshe bakin mai faɗin gaskiya. Mutumin da ya ce rijiyar gari ta lalace, ko ya tambayi ina kuɗin ƙungiya suka shiga, ba mai tada fitina ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kaka na tafe, bisashe za su fara gangarowa, kuma kowa ya san a wannan lokaci ne ƙaramar magana ke zama babba. Dattawan da ke da labarin Tanamari, Farak ko Jajiduna daga bakin iyayensu, muna roƙo a zauna da su a ɗauka tun suna raye, a kawo mu ƙaru.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da Damargu da Nijar baki ɗaya lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin summa amin.